Tsohon Famfo da Gonar Innarka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga mahaifinka Mamman na Bagudo zuwa ga ɗana Tukur. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sauke ka Gusau lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka san kowa ba.

Bayan haka, kada ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Na sha zaunar da kai don in yi maka wannan magana. Da na iso kan zancen motar nan sai raina ya ɓaci, in shiga faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana ta “to Baba, to Baba,” alhali na san ba abin da ke shiga kunnenka. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, don shi ba ya ɗaga murya. Ka karanta a hanya, ka sake karantawa ranar da za ka shiga ofishin kamfanin.

Ka san aiken da na yi maka, diyya za ka nemo. Kamfanin da ya sayar mana da lori ya sa na sayi sabon famfon mai alhali tsohon lafiyarsa lau, kuma don in biya kuɗin na jinginar da fadamar innarka ta Geza. Sharaɗin da muka yi da mai riƙon gonar a gaban shaidu shi ne, in kaka ta yi ban fanshe ba, ta zama tasa. Kana makarantar Midil aka yi yawancin abin, a gutsure labarin ya riƙa zuwa maka. To yau ga shi ɗungurungum daga bakin wanda aka yi wa, wanda kuma ya taimaka da hannunsa aka yi masa.

Lodin banda muka ɗauko daga bakin Kwara za mu kai kasuwar Jega, kifin kawunka Arzika ne da na sauran Sarkawa masunta, har da wanda aka hayo da shi daga wajen iyakar ƙasar da Faransa ke mulki. Muna kaiwa kusa da Kurgu mota ta fara tari. Ta rage ƙarfi, ta yi jijjiga, ta mutu. A bar ta ta huta, a tura, ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Bawa direba ya buɗe kai ya leƙa ya leƙa, ya rufe. Ya ce shi motar fetur ya sani ciki da waje, wannan mai shan gas kuwa tuƙi kaɗai aka koya masa. Ban ga laifinsa ba, a lokacin duk ƙasar nan motocin gas ba su da yawa. Na tura mutum Birnin Kebbi aka buga wa kamfani waya.

Suka aiko babban makanikensu. Da ka ga mutumin nan, Tukur! Farar riga haɗe da wando, ko ɗigon baƙin mai babu, agogo a hannu, da akwatin kayan aiki wanda har ya tafi ban ga an buɗe shi ba. Na sa aka yanka masa kaji, aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma a inuwa. Da ya ci ya sha, ya sa Bawa ya tayar da mota. Ya tsaya daga gefe, hannuwa a baya, ya karkata kai yana sauraro. Motar ta yi tarinta ta mutu. Sai ya ce, “Famfo ne. Ya gama aiki. Sai sabo.”

Ka san abin da ubanka ya ce? Cewa na yi, “To, Allah shi saka da alheri.” Ni da ba na sayen akuya sai na buɗe bakinta na duba haƙora. Farar riga da agogo suka rufe mini baki, na ji kunyar in yi tambaya kada a ce baƙauye ne. To ga shi baƙauyen ya biya. Kai dai duk wanda ya ce maka abu kaza ya lalace, ka ce ya nuna maka da yatsa inda ya lalace. In ya yi fushi, fushinsa ya fi maka arha. Kuma kada ka ɗauka don ka iya Turanci ka tsira daga wannan, ’yan boko sun fi kowa jin kunyar cewa ba su gane ba.

Da na ji kuɗin famfon sai da na nemi wuri na zauna. Ba ni da su, kifin mutane na cikin mota, ba kuma wanda zai ba ka rance mai yawa haka hannu banza. Kwana da kwanaki ina kewaye-kewaye a tsakar gida na kasa buɗe baki. Innarka ce ta gaji da kallona. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Malam, in gonag ga ita ka tada motar, kai ta. Ka dai maido min abina.” Gonar da ta gada wurin ubanta ke nan, wadda tun tana yarinya take korar tsuntsu a cikinta. Na ce mata kafin kaka ta dawo, na faɗa da ƙarfi kuwa, don ni ma in yarda.

Famfo sai daga Ikko, in ji su. Muka zauna jira. Kafin ya iso ƙwari sun shiga bandar nan sun mai da rabinta gari. Abin da ya rage na ɗora wa jakuna aka karyar a ƙananan kasuwanni. Sarkawa ba su ce mini uffan ba, kawunka ya hana su, wannan shirun kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Aka zo aka ɗaura sabo, aka jefar mini da tsohon a zaure. Washegari kawunka Arzika ya zo yi mini barka. Yana zaune idonsa na kan ƙarfen. Can ya tashi ya ɗaga shi, ya jinjina, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ya ce, “Mamman, wanga ƙarhe na da nauyi mai kyawo. Mi za ka yi da shi?”

Na ce, “Mi ko zan yi da mataccen abu, Yaya?”

Ya ce, “In an ɗaura mai igiya aka jehwa ruwa, jirgi ba shi motsi ko ruwa na gudu. Dutcen da ni ka aiki da shi sulɓi garai.”

To ka gaya mini, yaya zan yi? Yayan innarka ne, shi ya ba ni aurenta, kifinsa ya lalace a motata bai tambaye ni ko anini ba. Yau ya yaba wani tsohon ƙarfe a zaurena, in ce a’a? A garin nan in surukinka ya yaba abu sau biyu ai ya riga ya zama nasa. Har bakin ruwa na sa aka kai masa, ina jin daɗi na sami abin da zan yi masa. Ban ce ka zama marowaci ba, amma duk abin da aka cire daga jikin motarka, ko ƙusa ce, ka adana shi har sai magana ta mutu. Ka ba suruki riga, ka ba shi rago, kada ka ba shi shaidarka.

Muka yi sabon lodi muka kama hanya, ina gaba kusa da Bawa ina ɗaga wa mutane hannu. A Zagga, daidai bakin kasuwa, ranar kasuwa kuma, mota ta fara tari. Irin tarin nan dai, ba ƙari ba ragi. Ta yi jijjiga ta mutu. Ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba. Mutane suka taru suna ta sannu, wani tsoho har yana ba ni shawara in nemi a yi mata rubutu.

Na sake buga waya. Wannan karon wani makaniken suka turo. Ya shiga ƙarƙashin mota ya bi bututun da ke kawo mai daga tanki, ya fito ya nuna mini wata ’yar tsaga kamar silin gashi. Ya ce ta nan iska ke shiga, in ta taru sai mai ya yanke. Ya hura wuta ya liƙe da dalma, ko shayinsa bai huce ba ya gama. Mota ta tashi, har yau kuma ba ta sake wannan tarin ba. Yana goge hannu ya dubi sabon famfon ya ce, “Wa ya ce a canza wannan? Na da ɗin ba abin da ya same shi.”

Nan ne ya kamata in kama hannunsa in ja shi tsakiyar kasuwar Zagga, in kira sarkin kasuwa da liman da dattawa biyu, in ce maimaita. Kasuwa cike take da shaidu, Allah ya kawo mini su har inda nake. Amma murnar jin ƙarar inji ta ɗauke mini hankali. Tukuici ma na ba shi, na raka shi ya hau mota. Daga ni sai Bawa muka ji maganar, Bawa kuwa yarona ne mai cin albashina, alƙali ba ya karɓar shaidarsa don amfanina. Da aka nemi makaniken daga baya ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. Ban tsine masa ba, yana da iyali, kamfanin ke ciyar da shi. In gaskiya ta fito daga bakin mutum, a nan take ake tara mata kunnuwa, domin gobe cikinsa zai tuna masa wanda ke biyansa.

Na sa aka rubuta wa kamfani. Amsarsu ta zo da ladabi ƙwarai. Suka ce in kawo tsohon famfon su ɗora a kan na’urarsu, in ya tabbata lafiyayye ne su mayar mini da kuɗina. Na ruga bakin Kwara ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba. Na tarar da kawunka yana gyaran taru. Da na faɗa masa sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, “Igiya ta tsinke, Mamman. Yana ƙasan gulbi, wajen gurbin nan mai zurhi.” Ruwa kuwa a cike yake maƙil a lokacin.

Ina cikin wannan sai ga wakilin kamfani ya zo Bagudo da kansa. Bahaushe ne, dattijo, mai rawani, bakinsa kamar zuma. Ya zo da ƙwaryar goro da turmin atamfa da sukari. Bai sauka ko’ina ba sai gidan liman, ya ɗauko shi, suka biyo ta kan maƙwabta, suka cika mini zaure. Ya ce jaje ya zo yi mini na asarar kifi. Ya yi magana mai daɗi a kan ƙaddara da haƙuri, har ni kaina na ji idona ya kawo ruwa. Aka raba goro. Sai ya juya ya ce, “Allah gafarta malam, a yi mana fatiha, Allah ya kiyaye gaba.” Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ni ina zaune a zaurena, baƙo a gabana, liman na addu’a, in bar hannuna a cinya? Na ɗaga, na shafa.

Da na kai ƙara gaban alƙali, wakilin nan ya aiko da sunayen duk wanda ya zauna a zauren. Aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya: an kawo kaya? An kawo. Ya karɓa? Ya karɓa. An shafa fatiha? An shafa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Alƙali ya dube ni ya ce, “Mamman, maganad da anka shafa ma fatiha, mi ka kawo ta yi nan?” Ya ƙara da cewa ko ba haka ba, kamfanin Turawa ba ya ƙarƙashin shari’arsa. Mutumin nan ya san mu sarai. Ya san da ya zo da takarda ya ce in dangwala hannu da na ƙi, shi ya sa ya zo da liman.

Saboda haka ka buɗe kunnenka. A Gusau za su karɓe ka hannu biyu. Za a kawo maka kujera, a kawo shayi, a tambayi lafiyata. Ka gaishe su da ladabi, ka zauna, amma kada ka ci, kada ka sha, kada ka karɓi ko ɓarin goro. In sun matsa ka ce azumi kake, kuma ka ɗauki azumin da gaske don kada ka yi ƙarya. In wani ya ce a yi fatiha, ka tambaya a fili, ta mece ce? In ta neman sauƙi ce, bismilla. In ta rufe magana ce, ka ce ubanka bai aiko ka da wannan ba. Za su ce ba ka da tarbiyya. Ka bar su su faɗa, ni mai tarbiyyar ga inda ta kai ni.

Kada kuma ka ɗauko halina na ɗaya gefen. Bayan shari’ar alƙali na tari Di’o da ya zo rangadi, ya saurare ni ta bakin tafinta, ya ce in je ofishin kamfanin in gana da su. Na je Gusau da kaina. Suka zaunar da ni a benci tun hantsi har la’asar, ana ce mini manaja na zuwa. Da haƙurina ya ƙare na miƙe na zazzage musu duk abin da ke cikina, da Hausa da Dandancin mutanen bakin iyaka, har da buga tebur. Abin da suke jira ke nan. Maigadi ya kama ni ya fitar, aka rubuta cewa na zo na yi tashin hankali. Tun daga ranar ba a sake barina na wuce ƙofa ba, shi ya sa kai za ka. In sun zaunar da kai, zauna. In sun ce gobe, ka riga su zuwa goben. Muryarka kada ta wuce ta mai karatu.

Ƙunshin da ke cikin buhun nan da na hana ka kwancewa, famfon ne. Ka san kawunka ya ciro shi, amma ba ka san yadda aka yi ba, don ya hana a faɗa. Da rani ya yi ruwa ya ja baya, kullum sai ya tura jirgi zuwa gurbin nan shi kaɗai ya yi ta nutso. Mutumin da ya yi jikoki, wanda ya bar nutso tun kana goye. ’Ya’yansa suka ce su za su shiga, ya ce ba su suka jefa ba. Na je na roƙe shi ya bari, ya ce, “Ni na roƙi ƙarhen ga da bakina. Gonar ƙanwata ba ta tahiya saboda ni.” Ranar da ya fito da shi jini na zuba daga kunnensa na hagu. Ka lura yanzu in za ka yi masa magana sai ya juyo maka da dama. To ka san abin da kake ɗauke da shi.

Kada ka wanke shi, kada ka bar kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya. Kada ka miƙa shi ta kan kanta a shige da shi ciki a ce ka dawo jibi. Inda famfon ya shiga, ƙafarka ta shiga. A gwada shi a gabanka da gaban mutum biyu da ba danginmu ba, ba kuma masu cin abincin kamfani ba. Maigidan da za ka sauka wurinsa zai samo maka su cikin fataken goro. Za su ce ya yi tsatsa. Ka ce ƙwarai, ya sha ruwan Kwara, amma a buɗe a duba ko akwai abin da ya karye ko ya cinye a ciki, tun da cewa aka yi ya mutu kafin ya ga ruwa. In sun ƙi, ka wuce kotun Joji, ita ce ke iya kiransu su amsa. Ban ce za ka yi nasara ba. Mai yiwuwa tsatsar ta cinye gaskiyarmu tare da ƙarfen.

Saura magana ɗaya, ita ce kuma na kasa faɗa maka baki da baki.

Ran nan na bi ta Geza zan je duba wani lodi. Daga kan hanya na hango mace tsaye a kan kunyar fadamar, ’yan ƙodagon mai riƙon gonar suna aiki. Na matsa, sai na ga innarka ce. Ta ce mini gidan suna za ta. Ta kai musu fura a ƙwarya, tana nuna musu da hannu tana cewa, “Ku bar tada kunya nan, nan ruwa ka bi in gulbi ya cika. Ku matsa gabas kaɗan.” Ɗayansu ya ce, “Inna, gonak ki ta?” Ta ce, “Na dai san ta.” Ba ta gan ni ba, ban kuma bari ta gan ni ba. Tun da aka fara wannan abu ba ta taɓa tambayata yaushe ba, ko sau ɗaya.

Ban je wajen lodin ba. Daga nan na haye zuwa wurin wani Badande mai fatauci a ɓangaren Faransa, wanda ya daɗe yana zawarcin motar nan. Mun yi ciniki, na ba shi hannu. In aka fara yankan shinkafa ba ka dawo da diyya ba, ya zo ya ɗauki lori, in kai wa mai riƙo kuɗinsa. Innarka ba ta sani ba, kada kuma ta ji daga bakinka, don cewa za ta yi a bar motar.

Na san tun kana ƙarami kake zama a kujerar Bawa kana murɗa sitiyari, na kuma san na yi maka alkawarin in ka gama makaranta kai za ka riƙe ta. Ban manta ba. Amma alkawarin innarka ya riga naka. Saboda haka kada ka tsaya a gaban mutanen nan kana rawar jiki don tsoron gonar innarka, har su ba ka rabi ka karɓa. Gona za ta dawo ko da diyya ko babu. Motarka ce ka tafi nema, Tukur. In ka samo, taka ce. In ba ka samo ba, kada kunya ta riƙe ka a garin mutane, ka dawo gida, akwai yankan shinkafa a Geza kuma hannu muke nema.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka haƙurin da ya hana ni, ya sa ka fi ƙarfin bakinka. Allah ya maido mana da kai lafiya, da mota ko da ƙafa. Amin. Wassalam.

Mahaifinka,
Mamman